Inuwa a Tsakiyar Yamai

A ƙasar Kurfai ba a neman inuwa, tarar da ita ake yi. Duk wanda ya tashi a Filinge ya san halin gawon da ke tsaye cikin gonakin Dallol Boso: da damina ya kaɗe ganyensa ya bar wa hatsi rana, da rani kuwa, lokacin da sauran itatuwa suka koma ƙirare, sai ya yi lif da ganye. Makiyayi ya zauna a gindinsa, awaki na tsintar ƴaƴan da suka faɗo, ba mai tambayarsa wa ya ba shi izini.

Da wannan sabo na zo Yamai aikin koyarwa, tafiyar kilomita wajen 180 ta hanyar Baleyara. Zafin birni bai dame ni ba, don Filinge ba ta fi shi sanyi ba. Abin da ya ƙuntata mani rai shi ne kowace inuwa da mai ita. Wannan ta mai shayi ce, waccan ta mai faci, ta gaba kuma bakanike ya baje ƙarafunansa. Ba na ganin laifinsu, abinci suke nema. Amma mai son ya zauna shiru da takardun ƴan lakwal, ko da tunaninsa kaɗai, ina zai nufa?

Wurin da na samu yana cikin gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Gidan na tsakiyar hayaniya, kusa da gadar Kennedy da tsohon filin ƙaramar kasuwa da gobara ta cinye a 2012. Yawancin masu shiga dabbobi suke zuwa kallo. Ni dai zaki cikin keji bai taɓa faranta mani rai ba, sai in wuce can ciki, wajen da aka gina samfurin ɗakunan gargajiya na al'ummun ƙasar nan. Akwai wani lungu a nan da itatuwa suka haɗa kai. Ƙarar motoci na isowa kamar daga wani gari, abin da kunne ke ji sosai shi ne kukan kurciya da bugun gudumar maƙeran azurfa daga rumfunan masu sana'a. Bugun nan ba ya hana ni karatu, irinsa na tashi ina ji.

A cikin gidan ne kuma aka ajiye gawar iccen Tenere, iccen ƙayar da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayarin gishiri na Bilma na gane hanya da shi, kuma ba mai karya masa reshe don hura wuta. A 1973 wata babbar mota ta banke shi, aka ɗauko busasshen kututturen aka gina masa ɗaki. Nakan kai ɗalibaina gabansa. Sukan yi dariyar direban da ya rasa inda zai bi cikin faɗin hamada sai kan icce ɗaya tal. Ni dariyar ba ta zo mani, domin na ga abin da ya sami dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye Yamai, hekta wajen 2,500, ya tare mata ƙura da rairayi. Ba mota ɗaya ce ta banke shi ba. An yi ta yanka fuloti, ana sara da daddare, ana zuba shara, har gidaje suka cinye sashe mai yawa.

Abin da ya tsare lungun nan nawa shinge ne da mai gadi da ƴan kuɗin shiga. Wannan gaskiyar ba ta yi wa Bakurfe daɗi. Kuɗin ba su da yawa, amma talakan da ya wuni yana tura baro ba zai biya don ya huta ba, alhali ya fi ni bukatar hutun.

Shi ya sa nake wa ƴan'uwana malamai maganar filayen makarantunmu. Su ne kusan sauran fili na kowa da kowa a unguwanni. A tamu mun dasa dogon yaro goma sha biyu a bayan azuzuwa, kowane aji da nasa, yara na ɗebo ruwa a bidon. Awakin unguwa sun ci biyar tun shekarar farko. Sauran bakwai mun kewaye su da ƙaya, yanzu sun wuce tsawon taga.