Daga Wunti Zuwa Yalwa: Ranar Da Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Faifanta

Baƙon da ya shiga Bauchin Yakubu yakan nemi kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko fadar Sarki, ko ragowar ganuwar da aka soma tun kafa garin a 1809. Ba safai ake kai shi rumfunan masu gyaran kwamfuta ba, alhali kuwa a can ne hankalin mutane da yawa ke tashi ko ya kwanta.

Ana samun irin waɗannan rumfuna a kewayen Wunti, sa'an nan in mutum ya bi hanyar Dass zai tarar da su a Yalwa da Gwallameji, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suka tara ɗalibai. Kwamfutocin tebur da ke shagunan buga takardu na wurin galibi kwance ne, Dell ko HP, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai kana suka biyo ta Ikko. Cikin kowace akwai faifan ajiya, wanda masu sana'ar ke kira had-dis, a kansa kuwa ake zuba kundin digirin ɗalibi, da lissafin ɗan kwangila, da hotunan biki.

To, wata safiya sai a kunna na'ura ta ce ba ta ga faifai ba. Mai shago ya rungumo akwatin a kan acaɓa, ɗalibi na biye da shi, ido ya raina fata.

Gwanin mai gyara ba ya gaggawa. Da farko yakan kara kunnensa a jikin akwatin. Faifai mai lafiya yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da ɗan gunji mai laushi. In ya ji shiru, sai ya tuhumi wayar wuta ko akwatin da ke rarraba ta, wanda yawan ɗaukewar lantarki da dawowarsa da ƙarfi kan lahanta. In kuwa ya ji ƙas-ƙas-ƙas, nan take zai kashe, domin allurar karatu ce ke kai-komo ta kasa kama hanya, kuma kowane juyi na iya ƙara ɓarna.

Daga nan sai ya buɗe. Wanda bai taɓa ganin cikin kwamfuta a Bauchi bayan hunturu ba, bai san ƙura ba. Takan yi dandazo kamar auduga a bakin kowace mahaɗa. Sau da yawa hurewa da sake matse 'yar wayar SATA mai haƙora 7 ya wadatar. Tsofaffin injuna masu faffaɗar wayar IDE mai haƙora 40 suna da tasu rigimar: in faifai biyu suka haɗa waya, dole a nuna wane ne maigida, wane ne bara, da wani ɗan maƙalli da ake kira jamfa. Ba jamfar sawa ba, bai kai ƙwayar masara ba, amma in ya zauna ba daidai ba, duka biyun na iya ɓacewa.

Har ila yau akwai batir mai kamar kwabo a kan babban allo. In ya mutu, kwamfuta takan manta kwanan wata, ta manta tsarin da aka yi mata a BIOS, har ta riƙa neman Windows inda ba ya nan.

Wuri mafi hatsari shi ne inda BIOS ya ga faifai, amma Windows ya ce a yi masa fomatin. Ga sabon faifai wannan daidai ne, sai an tsaga shi an ba shi harafi kafin ya bayyana. Ga tsoho mai ɗauke da aikin shekara huɗu kuwa, yaron shago mai saurin hannu na iya share hanyar komai da dannawa ɗaya. Wanda ya san aiki yakan cire faifan, ya jona shi a wata kwamfuta, ya kwashe abin da ke kwasuwa tukuna.

Faifan farko da IBM ya fitar a 1956 ya kai girman firji biyu, bai ɗauki abin da ya wuce megabait 5 ba. Na yau a Yalwa yana shiga aljihun riga, a nan ma ɗalibi kan saka shi, naɗe cikin leda, in an ce masa ya dawo bayan La'asar.