Abin da tulu ya koya mini a kan moto

A Lamorde nake zaune, a ƙetaren kogi, idan mutum ya haye gadar Kennedy daga cikin Yamai. Aikina koya wa manya karatu. Bayan girbi, idan an buɗe ajin yaƙi da jahilci, nakan hau moto in bi hanyar Sayi zuwa wani ƙauye, sau uku a mako.

Kun san halin hunturu. A watan Janairu, da asuba awon zafi yakan sauka kusan 16, da azahar kuma ya wuce 30. A bakin kogi sanyin ya fi cizo. Rana ɗaya ce, amma kamar shekara biyu.

Wata shekara na je kasuwa na sayi wata katuwar kwat ta bosho, mai kauri kamar bargo. Na ce na gama da sanyi. Da asuba na sa ta a kan riga ɗaya ta auduga, na kama hanya. Da hantsi ya yi, zufa ta fara keto mini. Ban cire kwat ɗin ba, don idan na cire sai iska ta dake ni. Da magariba na juyo gida, riga ba ta bushe ba, iska tana shiga ta wuya da hannuwa. Kafin in ga fitilun Yamai haƙorana na haɗuwa. Yatsuna suka sandare, har da wata akuya ta gitta da ƙyar na matse birki.

Kwana 9 na yi a kwance, ga tari ga zazzaɓi. Abin da ya fi mini ciwo shi ne ajina. Mutum 24 na bari, da na koma na tarar da 17. Sauran sun ɗauka an rufe, sun tafi ci-rani. Ɗaya daga cikinsu ya kusa iya rubuta wasiƙa da hannunsa.

Wani dattijo a cikin ɗalibaina ya dube ni, ya dubi kwat ɗin da ke rataye a kan moto. Ya nuna mini tulun da ke gindin bishiya.

"Malam, me ke sa ruwan tulu sanyi?"

Na ce: "Baba, jikin tulu yana tsatsa, iska ta busa shi, sai ruwan ya huce."

"To, kai ma tulu ka zama."

Muka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Jiƙaƙƙiyar riga a cikin iska tana janye ɗumin jiki, kuma gudun moto yana ƙara wa iska ƙarfi. Ba kaurin tufa kaɗai ke riƙe ɗumi ba. Iskar da ta maƙale tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe shi.

Yanzu uku nake sawa. Daga ciki ƴar shara-shara mai saurin bushewa. A kanta suwaita. Daga waje riga marar kauri wadda iska ba ta ratsawa, mai rufe wuya da wuyan hannu. Da rana ta ɗaga, tun kafin zufa ta zo, sai in tsaya in cire suwaita in ɗaure a baya. Wannan tsayawar ce mutane ke ƙyuya, alhali ba ta kai minti biyu ba. Ranar da sanyi ya yi tsanani nakan shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙirji, ƙarƙashin rigar waje. Tana tare iska sosai, kuma ba a sayen ta.

Hanci da baki ina rufe su da ɗan ƙyalle saboda ƙura, sannan in sa hular kwano. Mai rawani ya cusa jelarsa cikin riga, mai babbar riga kuma ya naɗe ta, don ƙafar moto ba ta san mai girma ba. Safar hannu ma ba ado ba ce.

Da damina rigar wajen nan tana cikin jaka, tare da busasshiyar riga a leda, kusa da littattafan aji. Hadari ba ya sallama.

Ita kuwa kwat ɗin, uwargida ta mai da ita shimfiɗar yara.