Mun Ɗauki Kekuna Huɗu Zuwa Duwatsun Kwahu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kumasi zuwa Ankara ya san wurin nan kusa da Nkawkaw inda dutse ke tasowa a hannun hagu kamar ganuwa, ya yi ta bin mota har a wuce garin. Na fi shekara ashirin ina kallon wannan dutse ta tagar bas ban taɓa hawansa ba, sai a hutun Disamba na 2023, da yara uku na ajinmu na ƙarshe suka matsa mini lamba mu je mu hau keke a can sama.

Samun mota bai yi wuya ba. Ƙanen matata yana da a-kori-kura ƙirar Hilux mai ƙofa huɗu, ya ce zai tuƙa mu in na sa mai. Wuyar ita ce bodin motar. Tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, alhali keken hawa dutse na babban mutum ya kusa mita biyu. Direba ya ce, "Malam, a jibge su kawai, a ɗaure da igiya." Haka ake yi wa buhunan gawayi, na ce masa, amma keke mai giya in aka kwantar da wani a kan wani, fedar wannan za ta shiga wayoyin tayar wancan, kafin a kai Ejisu an yi ɓarna. Kuma kekunan nan ba nawa ba ne duka. Na Ɗanlami, shekara biyu yaron ya yi yana taya kawunsa dako a Kejetia ranakun Asabar kafin ya saye shi, kwancen Turai. Uwarsa ma da ƙyar ta yarda ya bi mu.

To ga yadda muka yi, ko wani zai amfana. Na sayo katako mai kauri a Sokoban, aka yanke shi daidai faɗin bodi. Kafinta ya so ya ba ni wawa don ta fi araha, na ƙi, gama wawa tana da laushi, noti ba ya daɗewa cikinta bai yi lako-lako ba. Daga nan na nufi Suame Magazine wurin wani mai walda, ya yanka mini guntayen bututun ƙarfe uku, kowane milimita 100, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu masu riƙe tayar gaba, abin da masu gyara ke kira fok. Ya liƙa kowane bututu a kan ɗan faifan ƙarfe, muka ɗaure su a katakon da noti. Dabarar ke nan: a cire tayar gaba, a ɗora fok a kan bututun, a zura sandar tayar ta ciki, a ƙulle. Keke sai ya tsaya cak, kuma ya gajarce har ƙofar baya ta rufu. Kada a jera bututun a layi ɗaya sak; a ɗan karkatar da kowane, don ƙahonnin kekunan su saɓa wa juna. Na huɗun, wato nawa, tsohon yayi ne mai noti, sai muka yafa tsohuwar katifa a kan ƙofar baya, muka rataya shi tayar gaba na lilo a waje. Maimakon igiya muka yanka tsohon tub na mota, domin roba tana riƙewa ba ta cin fenti. Mutum kuwa ko ɗaya ban yarda ya zauna a baya ba.

Abu guda na manta, kuma laifina ne ni kaɗai: ban kafe katakon da jikin bodi ba. Na ɗauka nauyin kekunan zai danne shi.

Mun tashi bayan sallar asuba, hazon hunturu ya rufe gari. A Konongo direba ya hau tudun rage gudu bai lura ba, muka ji ƙara a baya. Katako ya zame, kekuna uku sun jingina gefe guda, na Ɗanlami ne a ƙasa, kuma ta ɓangaren sarƙa ya faɗi. Ɗan kunnen ƙarfen da ke riƙe abin sauya giya ya lanƙwashe ciki. Yaron bai ce uffan ba, ya tsuguna yana shafa wurin da yatsa. Da ya yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Muka ɗaure katakon da ƙugiyoyin bodi ta gefe biyu, abin da ya kamata in yi tun a gida, muka ƙarasa Nkawkaw, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Kumasi. A Zangon garin aka nuna mana wani dattijo mai gyaran keke a gindin mangwaro. Muka gaisa da Hausa, ya tambayi unguwarmu, na ce Aboabo, ya ce yana da jika a can. Ya cire abin giyar, ya kama kunnen da sifana, ya riƙa lanƙwaso shi kaɗan kaɗan yana leƙawa da ido ɗaya. Ya ce da gangan ake yin kunnen da ƙarfe mai laushi, don in an faɗi shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. Amma sau ɗaya ko biyu yake jure gyara, na uku karyewa zai yi. Na ce, "Baba, nawa ne?" Ya ce, "Malam, ka saya wa yaran nan koko." Da ƙyar ya karɓi goro.

Hanyar da ke hawa daga Nkawkaw zuwa Atibie da Mpraeso ita ce gwajin gaskiya na aikinmu. Kwana ne bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen, ni kuwa wuyana ya ƙage saboda waiwaye. Babu abin da ya motsa. Sama da Atibie ne dutsen Odweanoma yake, inda tun 2005 masu tashi da lema ke taruwa lokacin Ista su yi shawagi su sauka a Nkawkaw. Mu da muka zo a Disamba ba mu tarar da kowa ba sai iska. Mutanen Kwahu 'yan kasuwa ne na ƙin ƙarawa, shi ya sa za ka ga benaye manya manya a ƙananan garuruwa, yawancinsu a rufe, masu su suna Ankara sai Ista su dawo. Sai na tuna da namu alhazan da ke gina gida a garin kakanni su bar wa ƙadangaru.

A Abetifi muka sauke kaya. Garin yana sama da mita 600 daga doron teku, sanyinsa har ya sa yaran suka nemi rigunan sanyi da rana tsaka. Wannan sanyi ne ya jawo 'yan mishan na Basel. Ramseyer, wanda Asante suka tsare daga 1869 zuwa 1874, shi ya kafa tasharsu a nan a 1876. Kusa da garin akwai kogon Bosumpra, inda Thurstan Shaw ya yi tono a 1943 ya samo kayan aikin dutse na mutanen da. Na soma ba da darasi a kan haka, sai na ga ba mai saurare na, don wata sabuwar matsala ta taso: tayar gaban keke ɗaya ta ƙi shiga. Birkinsa mai faifai ne mai aiki da mai, kuma wani ya matsa hannun birkin alhali taya na cire, sai takalman birkin suka haɗe. Da bakin sukundireba muka raba su a hankali. Wanda zai yi irin tafiyarmu ya cusa guntun kwali a tsakaninsu tun daga gida.

Daga nan muka hau, mota na biye da mu a baya. Ta Kwahu Tafo muka bi, dutsen Bruku na tsaye shi kaɗai cikin hazo, sannan hanya ta sunkuya zuwa Adawso, bakin ruwan Afram, wanda ya zama reshen tafkin Volta bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Gangara ce mai tsawo, hannuwana suka yi tsami da matsa birki. Ɗanlami ne ya riga kowa isa, giyarsa na shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Muka zauna muna cin soyayyen kifi muna kallon jirgin fito yana ɗaukar motocin doya daga Ekye Amanfrom.

Da la'asar muka mayar da kekunan bodi. Wannan karon Ɗanlami bai bar ni na taɓa nasa ba. Shi ya ƙulle fok ɗin da hannunsa, ya ja katakon ya ga ba ya motsi, sannan ya cire rigar sanyinsa ya naɗe abin giyar da ita. Hakanan ya zauna cikin sanyi har Kumasi.