Alkawarin da na yi ta ɗaga wa lokaci

Akwai alkawarin da maza da yawa a ƙasar Gwarzo da Kabo suke ɗauka ranar neman aure: yarinya za ta ci gaba da karatu a ɗakinta. Ni ma na ɗauka, a zauren mahaifin maiɗakina a Kabo, a gaban dattawa. Ban taɓa buɗe baki na ce na fasa ba. Ɗaga lokaci na yi ta yi har alkawarin ya kusa mutuwa a hannuna, kuma shi nake so 'yan'uwana maza su ji.

Maiɗakina ta gama sakandaren kimiyya da sakamako mai kyau, ta ci jarrabawar JAMB, jami'a ta ba ta gurbin karatun likita. Takardar ta iso tana da cikin fari, laulayi ya sa ta a gaba. Na ce mata, "Ki bari ki sauka lafiya, yaro ya yi wayo, sai ki koma. Karatu ai ba guduwa zai yi ba." Ta ce, "To Malam, amma a rubuta musu su ajiye min gurbin." Na ce zan shiga Kano in yi. Yau da gobe, ban je ba.

A zatona gurbin jami'a kamar fili ne da mutum ya saya, ko ya shekara goma bai gina ba yana nan. Ashe ba haka ba ne. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki. Wanda yake son jinkiri sai ya karɓi gurbin, ya nemi a ɗaga masa a rubuce, jami'a ta amince, kuma shi ma jinkirin yana da iyaka. Kujerun likitanci kuwa ƙidayayyu ne, domin hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce take yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wanda bai zo ba, wani ya shiga. Duk wannan bayani yana nan a bakin titinmu, tunda duk mai zuwa Kano daga Gwarzo sai ya bi ta Rimin Gado ya wuce ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero. Tambaya ce kawai ban tsaya na yi ba.

Kafin na fari ya yi wayo na biyu ya zo, sannan ta uku. Duk lokacin da ta tayar da maganar sai in ce a bari a yaye wannan. Littattafanta na ilmin halittu da na sinadarai suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, da farko takan ɗauko su bayan isha'i idan yara sun yi barci. A hankali ta daina. Ni kuma shirun ya yi min daɗi, na ɗauka haƙura ta yi.

Rashin lafiyar mahaifiyata ne ya farkar da ni. Hajiya ta daɗe da ƙullutu a mamanta tana ɓoyewa. Da muka kai ta asibiti aka ce likita zai duba, sai ta ja mayafinta ta riƙe gam, ta ce, "Ni ɗa namiji ba zai buɗe ni ba. Babu mace?" A ranar babu. Sai da muka yi ta lallashi, kuma da aka duba aka ce an makara da kawo ta. Surukarta, maiɗakina, ita ce ta yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Ita take karanta takardun magani, ita take yi mana bayanin abin da likitoci suka ce. Ina kallonta ina ganin likitar da Hajiya ta nema, wadda ni da hannuna na tsare a gida.

Irin Hajiya suna da yawa a Getso da Garo da sauran garuruwanmu: mata masu ɓoye ciwo saboda kunya, da masu ciki da ba sa zuwa awo. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Mu ne muke cewa muna son mace ta duba matanmu, mu ne kuma muke riƙe waɗanda za su zama likitocin.

Komawar maiɗakina karatu ba ta zo da sauƙi ba. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ita kuma a takarda ta san ta. Sai da ta koyi linzamin kwamfuta, ta sake bitar lissafi daga tushe, ta zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannenta. Allah ya taimake ta ta samu. A gabanta akwai shekara 6 na karatu da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Yanzu ni nake shirya yara makaranta, ƙanwata tana kama mana da rana. Abin da nake cewa ba zai yiwu ba, ga shi yana yiwuwa, sai dai shekarun da na ci mata ba su dawowa. Na nemi gafararta ta yafe, amma yafiyarta ba ta wanke sakacina ba.

Mace ta dakata ta yi raino ba laifi ba ne, kuma 'ya'yanmu sun amfana da zamanta. Laifina shi ne dakatawar da ba ta da rana, da shawarar da na yanke ni kaɗai a kan rayuwar wata. Duk wanda matarsa za ta jinkirta karatu saboda goyo, ya zauna da ita su sa wa'adi, iyaye su shaida. Ya je jami'a da ƙafarsa ya nemi jinkiri a rubuce. Su yi shawara da ma'aikatan lafiya kan tazarar haihuwa, kuma ya ware mata lokacin bita ko da awa guda ne a rana. Idan wa'adin ya cika, raino ya zama na su biyu. Alkawari kaya ne, kuma wanda aka ɗauka a gaban surukai Allah zai tambaya a kansa.