Alƙalami da Rumbu

Kowace shekara, a makarantun sakandare na Maraɗi ko Damagaram, ba a rasa ɗalibi guda da zai cika littafinsa da ƙagaggen labari, ya ce shi rubutu zai riƙa sana'a. Tambayar mahaifinsa ba ta sauyawa: abin nan yana cika rumbu?

Rayuwar magabata ba ta goyi bayan yaron ba. Bubu Hama, wanda Kotia-Nima ya jawo masa babbar kyautar adabin Afirka, malamin makaranta ne, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, da albashi ya riƙe gidansa, musamman na aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya kama a 1939. Abdullahi Mamani kuwa ya fitar da Sarauniya a Faransa a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Amma siyasa da aikin jarida da gudun hijira su suka cinye mafi yawan kwanakinsa. A 1993 ya rasu a haɗarin mota, yana hanyar Yamai karɓar kyauta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Littafin da aka buga a waje yakan iso da tsadar da ta fi ƙarfin talaka, kason marubuci kuma ɗan kaɗan ne. Wanda aka buga a gida, mutum ɗaya ke saye, unguwa duka ta karanta. Marubutan Kano, da suka riƙa buga nasu da kuɗin aljihunsu, sun ɗanɗana riba a shekarun 1990, amma da yawa sun karkata ga fim. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Sai dai doka ba ta sayen littafi, mai karatu ke saye.

Ashe rubutu a ƙasar nan noman rani ne: ana yin sa bayan an kai amfanin damina gida. Babu abin kunya a ciki. Asarar tana wani wuri, cikin littattafan da gajiya ta hana rubutawa bayan an taso daga aiki.

Gaskiyar da ta kamata a faɗa wa yaron ke nan: ya nemi gonar damina, amma kada ya bari rijiyar lambun ta ƙafe.