Addu'ar bayan rumbu

Jiya da daddare na ƙirga, sau shida na ci karo da irin rubutun nan na "rubuta Amin ka ga buɗi" a Facebook. Ni ma ban tsira ba, na rubuta a biyu. Da na ajiye waya sai na tuna da kakata.

A ƙauyenmu can ƙasar Gwiwa, Kaka tana cikin 'yan tsirarun Kiristocin wurin. Kullum kafin gari ya waye takan ɗauki 'yar tabarmarta ta zagaya bayan rumbu ta zauna. Ba waƙa, ba ɗaga murya, ko leɓenta ba ya motsi. Wata rana na lallaɓa na bi ta, na ce, "Kaka, me kike faɗa wa Allah?" Ta ce, "Ɗan nan, yau ba ni da magana, saurare na zo yi."

Maƙwabciyarta Musulma ce, kuma ita ke korar mu in mun fara hayaniya: "Kai, ku bar ta, halwa take yi." Ba addininsu ɗaya ba, amma ta san darajar shirun.

Sai da na girma na gane ba Kaka ce ta ƙirƙiro abin ba. A Matiyu sura ta 6, Yesu ya koyar da yin addu'a a ɓoye, ba don idon jama'a ba. Markus sura ta 1 ta nuna shi kansa yana fita da sassafe zuwa inda ba kowa. Antoni na Masar, wanda ya rasu a shekarar 356, ya yi kusan shekara 20 a keɓe cikin hamada, daga baya mutane suka riƙa binsa can neman shawara.

Mu fa? Tsadar abinci da rashin tsaro sun sa kowa na addu'a, amma rabinta a lasifika, rabinta a waya. Ban ce addu'ar taro laifi ce ba, ina zuwa coci duk Lahadi. Tsorona kawai shi ne, na fi shekara ban zauna shiru gaban Allah ba sai da shaidu.

Yau da asuba na bar waya a ɗaki na fita tsakar gida. Minti goma kawai na iya, zuciyata sai lissafin kuɗin taki take yi. Gobe zan sake gwadawa.

Don Allah kada kowa ya rubuta Amin a ƙasa.