Wane Fenti Ya Dace da Jirgin da Ya Bi Hanyar Kakanninmu?

A cikin shekarar 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingilishi wuyar bi. Sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, su harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), Janaina da Fashir, har su iso Hartum, kana su nufi Masar. Ayari na farko ya taso cikin Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Jama'a, wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka tako da ƙafa da jakuna suna neman Makka.

Wannan ne dalilin da mu malaman makaranta muke son yaranmu na Umdurman su haɗa ƙaramin samfurin jirgin Hurricane na roba, wanda aka rage girmansa sau 72. Haɗawar ba ta da wuya, gardama a wurin fenti take.

Yaro yakan ce, "Malam, ai jirgin hamada ne, a shafa masa ruwan yashi." Mu kuwa mukan ce ya dakata, ya fara gaya mana shekara. Jiragen farko sun zo ne da launin da ake yi musu a Ingila, wato kore mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, lamba 30 da 29 ke nan a gwangwanayen Humbrol. Haka jiragen Wellesley na runduna ta 47 da ke Hartum suke a 1940. Sai daga 1941 aka tabbatar da launin hamada: ruwan yashi a madadin kore, cikin jirgin kuma shuɗi. Ashe wanda ya shafa ruwan yashi ya rubuta 1940 a ƙasa ya ba da shaidar abin da bai bincika ba.

Hoto ma sai an yi hattara da shi. Wani tsohon fim na baƙi da fari yakan mai da rawaya da ja su yi duhu, shuɗi kuwa ya yi haske. Ga kuma rana da ƙurar habub, waɗanda duk mai ƙofar ƙarfe a Umdurman ya san yadda suke kashe fenti. Saboda haka mukan sa yaro ya gwada hotuna biyu ko uku da abin da littafi ya faɗa, ya shafa ɗan kaɗan a kwali, ya duba da hasken rana bayan ya bushe.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala a kan abin wasa? To, yaranmu suna tashi ne a inda akan tambaye su daga ina suka zo, kuma yaushe. Yaron da ya saba neman hujja kafin ya tsoma buroshi, shi ne gobe zai iya cewa jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun nufo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har ɗansa ya kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ya faɗa babu ƙari babu ragi.

Iyaye, idan yaro ya nemi kuɗin gwangwanin fenti, ku tambaye shi shekarar jirginsa tukuna. In ya amsa da hujja, ku ba shi.